Tukunyar da Aka Kife a Bayan Ɗakina

Ranar wata Litinin da hantsi, damina ta kankama, na zagaya bayan gida in tsinko zogale, sai na hango Inna Baiwa tsugune a lungun da ke tsakanin katangarta da bangon ɗakin kwanana. Ta ba ni baya. Tana yayyafa wa wani abu ruwa daga buta, bakinta na motsi, sannan ta ɗauki abin da hannu biyu ta kife shi a gindin bangon, ta tattaro ƙasa ta toshe gefensa, ta rufa masa ganye. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta koma gidanta ba ta gan ni ba.

Sunana Tabita, haihuwar birnin Damagaram, girman birnin Damagaram. Mijina Filibus ma'aikacin jinya ne, an kai shi wata likita, wato ƙaramin asibitin ƙauye, can wajen Icirnawa, sai ranar Asabar yake hawo babur ya zo gida. Shekararmu ɗaya da rabi a Matameye a lokacin, kuma duk layinmu mu kaɗai ne Kirista. Ranar da muka sauke kaya matan unguwa leƙe kawai suka yi ta saman katanga, Inna Baiwa ce ta shigo da tsintsiya a hannu ɗaya da kwanon fura a ɗayan, ta ce gidan ya daɗe ba kowa, in kula da kunama. Mijinta ya rasu tuntuni, ɗanta Munkaila ya tafi cin rani Kano ya zarce har damina. Ta san addinina, na san nata. Idan na tafi sujada ranar Lahadi ita ke kore mini awaki daga shanya, da azumi kuma ni ke jajjaga mata kayan miya. Tun da ta gane ina da ciki, kafin ma in faɗa wa uwata, kullum rana na fitowa sai ta miƙo mini kwanon kunun tsamiya, ta ce, "Ɗiyata, ki sha da zafinsa."

Cikin nan shi ne na uku. Biyun farko duk a wata na huɗu suka zube, wannan kuma ya shiga wata na huɗu a makon nan. Wanda bai san wannan ba ba zai gane haukan da na yi ba.

Na jira har na ji ƙarar taɓaryarta, sannan na lallaɓa lungun. Tsohuwar tukunyar ƙasa ce mai tsage a baki. Na sa kara na ture ta. A ciki akwai busasshen kashin shanu, da guntayen karan dawa, da ƙasusuwa guda uku, duk an jiƙa su. A tsakiyarsu kuma ga wani ƙyalle shuɗi mai zanen ganye. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Tsohon zanena ne, wanda na sha ɗaurawa a gida. Daidai inda aka kife tukunyar, ta ciki, nan kan gadona yake.

Abin da na fara tunawa shi ne kunun da na shanye da safen nan har da lashe ludayi.

Na kira Filibus, waya ta ƙi shiga. Sai na kira Yaya Saratu a Damagaram, kuma a nan na yi kuskure na farko. Yayata mace ce mai tsoron Allah, amma ko tuntuɓe ta yi sai ta nemi wanda ya aiko dutsen. Ban gama bayani ba ta katse ni.

"Ƙashi da ƙyallenki? A saitin gadonki? Ai magana ta ƙare, Tabita. Na gaya miki tun farko, wannan kirkin ya yi yawa. Ki fasa ta, ki zuba mai, ki ƙone. Kada ki ƙara sa komai nata a baki. Yaƙi ne ya same ki, ki tashi tsaye."

Ta turo mini wa'azi har guda bakwai a waya, na wani mutum daga ƙetaren iyaka mai murya kamar injin niƙa. Daga farko har ƙarshe wuta yake kira. Wuta a kan mai binne, wuta a kan mai kallo, abin ya koma kan mai shi sau bakwai. Na ɗauki taɓarya na farfashe tukunyar, na tuttula mata man gyaɗa rabin kwalba, man da nake ta tattali, na kunna ashana. Kashin shanu jiƙaƙƙe ba ya ci da daɗi, hayaƙi kawai ya turnuƙe ni ina tari ina kiran wuta.

Talata da Laraba kunu ya zo kamar kullum. Na karɓa ta saman katanga ban kalli fuskarta ba, na juye shi a kwata, na wanke kwanon na mayar. Sau biyu ta ƙwanƙwasa ƙofata, na yi lamo kamar barci nake. Abinci ya ƙi shiga, barci ya ƙi zuwa, marata ta fara ɗaurewa. Da na samu Filibus a waya, shi ma ɗan birni ne irina, cewa ya yi kada in taɓa komai, in je wurin Mama Shekara, dattijuwar majami'armu, kafin ya zo.

Abin da ya fi ci mini rai ba tsoron ba ne. Kewarta nake yi. Ina jin tarinta ta bayan katanga sai in ji kamar in leƙa in ce sannu, sai in tuna ƙyallen, in koma in kunna mai injin niƙa.

Ranar Laraba da la'asar na leƙa lungun, sai ga wata tukunyar a kife, a daidai wurin, a kan tokar ta farko. Wannan karon ko kusa ban je ba. Na yanke shawara gobe zan tara matan zumuntar majami'armu, mu tsaya a ƙofar Inna Baiwa mu yi addu'ar yaƙi da ƙarfi kowa ya ji, daga nan in wuce wurin mai unguwa. Na san idan na yi haka ni da ita har abada, kuma tsohuwar da aka nuna da yatsa a kan irin wannan ba ta ƙara shiga taron suna da daɗin rai. Na san wannan sarai, na ce ita ta jawo.

Alhamis rana ta fito, kunu bai zo ba. Na ce to, ta gane an gane ta. Na yafa gyale na nufi gidan Mama Shekara.

Mama Shekara ita ce babba a zumuntar matan majami'armu, mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Ɗan Barto, ta haura saba'in, sana'arta ƙuli-ƙuli. Karatunta kaɗan ne, amma ko fasto idan magana ta cije masa wurinta yake zuwa ya ce gaisuwa ya kawo. Na tarar da ita tana murza tunkuza a kan faifai. Na fara zuba, har da abin da Yaya Saratu ta ce da abin da mai wa'azi ya ce.

"Dakata," in ji ta. "Faɗa mini abin da idonki ya gani. Na cikin salula ki bar shi cikin salula."

Na faɗa mata. Tukunya, kashin shanu, kara, ƙashi, ƙyallena.

"Binne ta aka yi, ko kife ta?"

"Kife ta, Mama."

"An rufa mata ganye?"

"An rufa."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da murza. Na ga gefen bakinta yana rawa, na ɗauka ita ma tsoro ne ya kama ta, har na ji wani irin daɗi cewa babba ta yarda da ni.

Can ta ce, "Mugun yana nan, ɗiyata, ban ce miki babu shi ba. Ubana kafin ya tuba, da bokanci ya ciyar da mu, na ga abin da ba zan faɗa wa mai ciki ba. Amma an koya mana cewa yaƙinmu ba da mai jini da tsoka ba ne. Kin san kayan yaƙin da aka ba mu, kin sha rera su a zumunta kina kaɗa kai. Na fari mene ne?"

"Ɗamarar gaskiya."

"To kin tambayi tsohuwar nan gaskiyar abin?"

Ta sake jefo mini tambaya.

"Takalmin fa?"

"Na salama."

"Kin taɓa ganin an ba mutum takalmi don ya zauna cikin ɗaki ya sa sakata? Kwana uku kina addu'a, kika ce. Sau nawa kika roƙa wa cikin nan lafiya, sau nawa kika roƙa wa Baiwa wuta?"

Na so in yi ƙarya, lissafin ya ƙi. Tun Litinin ban ambaci ɗan cikina a gaban Allah ko sau ɗaya ba. Inna Baiwa kawai nake ambata.

Raina ya ɓaci, don ba abin da na zo nema ke nan ba. Na ce, "Idan kuma sammun ne fa, Mama? Ni ce na zubar da biyu, ba wani ba."

Ta ajiye faifan ta kama hannuna da hannunta mai maiƙo. "Na sani. Ni huɗu na binne. Idan sammun ne, Wanda ke tare da ke ya fi shi ƙarfi, za mu tsaya a kansa mu yi addu'a, mu roƙa wa mai shi tuba. Ko ta wace hanya abin ya faɗo, ba mai ƙona tsohuwa. Ba na kiran matan zumunta. Tashi mu je, ni da ke."

A lungun ta yi addu'a gajeriya, ko minti ɗaya ba ta kai ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta roƙa mini kwanciyar rai, ta roƙa wa cikina lafiya, ta roƙa wa maƙwabciyata albarka. A nan na ɗan buɗe ido ɗaya na harare ta. Da ta ce amin sai ta nuna tukunyar da haɓa.

"Ɗaga."

"Ni?"

"Bangonki ne."

Na kawar da ganyen, na kama gindin tukunyar na juyo ta. Cikinta fari fat yake motsi. Gara ce, dubbai, ta cika kashin shanun da karan, tana ta kai da kawo, har ta fara ginin ƙasa a jikin ƙashin. Saura kaɗan in saki tukunyar.

Mama Shekara ta jingina da bango, ta zame ta zauna a ƙasa, tana dariya har da hawaye. Dariyar da ta riƙe tun daga gidanta ce. Da ta samu numfashi ta ce, "Ƴar birni, ƴar lakwal, ƴar boko. Tarkon gara ne. Duk ƙauyen da ake kiwon zabbi haka ake yi. A zuba kashin shanu da kara da ƙashi da duk tsumman da aka samu, a jiƙa, a kife a kan hanyar gara, gobe a ɗauko a zazzage wa ƴan tsaki. Ɗan zabo in bai samu gara ba a kwanakin farko, mutuwa yake kamar wasa. Dubi gindin bangonki, ga hanyarta nan. Wanda ya kife wannan ya ma rage miki ɓarna."

Na duba. Ga siririn ginin gara nan ya hau bangon, na sha ganinsa ban san mene ne ba.

Wani abu da ya tokare mini ƙirji kwana uku ya sauka gaba ɗaya, na zauna kusa da ita a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba wanda ke bin cikina da sharri. Na yi ajiyar zuciya, na yi dariya, na yi kuka, duk a haɗe. Na ji yunwa ta taso mini a karo na farko tun Litinin. Sai kuma kunya ta biyo baya, ta fi tsoron nauyi.

"Mama, ai ba sai ta sani ba, ko? In mayar da tukunyar yadda take, gobe in karɓi kunu, shi ke nan."

"Yanzu kika iso filin yaƙin," in ji ta, tana share ido da bakin zane. "Ɗauki abincin tsakin mutane ki kai musu kafin rana ta kore garar. Ni ƙuli-ƙulina na jira."

Ta tafi ta bar ni, ko waiwaye babu.

Daga lungun zuwa ƙofar Inna Baiwa taku ashirin ne, amma sai da na tsaya sau biyu da tukunyar a hannuna. Na yi sallama da muryar da ni ma ban gane ba. Tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Gefe ga wata jar kaza a ƙarƙashin kwando da ƴan tsakin zabbi masu zane a ka, suna ta tsiwa. Ta dube ni, ta dubi tukunyar, ta amsa sallamar kamar jiya muka rabu. Ta karɓa, ta ɗaga kwandon, ta bubbuga tukunyar a ƙasa. Ƴan tsakin suka yi caa a kan garar, uwar tana kiransu.

Na durƙusa. Na ce, "Inna, ni na fasa ta farkon."

"Na sani."

"Ba don tsautsayi ba. Na zaci..." Na sunkuyar da kai na ƙarasa. "Na zaci sammu kika yi mini, don cikina ya zube. Na zubar da kununki. Na roƙa miki abin da ba shi da kyau. Ki yafe mini."

Ta kalli ƴan tsakinta. Sannan ta ce, "Tun Litinin na sani. Akuya na fasa tukunya, amma ba ta zuba mai ta kunna ashana. Kunun kuma kwatarku ta gidana take bi, kajina sun sha sun gode."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba, Inna?"

"Na zo sau biyu, kina ciki kina numfashi a bayan ƙofa. Kuma in ce me? In tsaya a titi da furfurata in ce ni ba muguwa ba ce?" Muryarta ba ta tashi ba, amma hannunta ya daina tsintar waken. "Ƙyallen nan ke kika ba ni da hannunki bayan sallar layya, kika ce in yi tsumma. Bakina da kika ga yana motsi, bisimilla nake yi, ita nake yi ko tsintsiya zan ɗauka. Na yi fushi, ɗiyata, ba zan ɓoye miki ba. Na ce shekara ɗaya da rabi, ashe kallon da ake mini ke nan. Sai na tuna biyun da kika gaya mini. Mai irin wannan tabon ko inuwarta ta gani sai ta razana."

Na kasa ɗaga kai. A nan idona ya sauka a kan ƙafafun ƴan tsakin. Uku daga cikinsu an ɗaura musu jan zare a ƙafa.

"Waɗannan fa, Inna?"

"Naki ne. Na lissafa, kafin ki sauka sun isa yanka, mai jego da sanyi sai da romo. Huɗu na ɗaura wa. Ɗaya ta mutu ran Talata, da ba su samu abin ci ba."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Kwana uku ina kiran wuta a kan matar da ke tsugunawa da ciwon gwiwa a bayan ɗakina tana tara wa romon jegona abinci. Ba ta rarrashe ni ba, ta bar ni na yi mai isata, tana korar kazar daga cikin wakenta.

Da na lafa ta ce, "Kin ci wani abu yau?"

Na girgiza kai.

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da kwanon nan da na sani, a rufe da faifai. "Na dama da safe. Na kai har bakin katanga, na komo da shi. Hatsi ne, ba na son in ga yana bin kwata."

Ya huce, har ya yi fata a sama. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya ga Allah a zuciyata, godiya ta gaskiya, ta farko a makon. Ban nemi ludayi ba, na kafa kai. Ciwon marar da na kwana uku da shi ban san inda ya bi ba, kuma da na je awo washegari aka ce lafiya lau, yunwa ce da rashin barci. Amma wannan daga baya ne. A lokacin kunun kawai na sani, da tsaminsa, da tsiwar ƴan tsaki.

Inna Baiwa ta koma kan tabarmarta ta jawo faifan wake. Ba ni take kallo ba, masu jan zaren take kallo.

"Sha a hankali," in ji ta. "Gobe ma akwai."